Sankarar mama: a tambayi mai talla ina takardar awon nama

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ara mana fili mu yi magana da iyayenmu mata da mazajensu a kan sankarar mama, wadda a gida ake ce wa daji. Mu ma'aikatan lafiya ne a nan Damagaram. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne bidiyoyi da saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp da TikTok: yau a nuno tauraruwar ƙasar waje wai ta ƙi maganin likita ta warke da ganye, gobe a nuno wani sananne na gida riƙe da kwalba yana rantsuwa da Allah.

Ga misali ɗaya. A 2024 Elle Macpherson, shahararriyar mai tallan tufafi ƴar Ostireliya, ta bayyana cewa an same ta da sankarar mama shekara bakwai kafin nan, ta ƙi shimiyo (maganin sankara da ake yi ta ƙarin ruwa), ta koma ga abinci na musamman da magungunan da ba na asibiti ba. Abin da masu baza labarin kan tsallake shi ne, kafin duk wannan sai da aka yi mata aiki aka cire ƙullutun. Nan gizo ke saƙar. A ciwon da aka kama da wuri, tiyata ce uwar magani. Abin da ke biyo bayanta, gashi (haska wurin da na'ura) da shimiyo da ƙwayoyi, aikinsu rage yiwuwar dawowar ciwon. Wani babban nazari na 2011 da ya haɗa mata fiye da 10,000 da aka cire wa ƙullutu aka bar musu mama ya nuna cewa cikin shekara goma ciwon ya dawo wa 35 cikin 100 na waɗanda ba a gasa ba, da 19 cikin 100 na waɗanda aka gasa. Ke nan ko ba gashi, mata 65 cikin 100 ciwon bai dawo musu ba bayan aikin likitan fiɗa. Kowacce cikinsu, in ta sha jiƙo bayan aikin, tana iya fitowa ta ce jiƙon ne, kuma ba ƙarya take nufin yi ba. Sauran 35 ɗin kuwa ba wanda ke ɗaukar su bidiyo.

Akwai da ƙaryar tsagwaronta. Belle Gibson, ita ma ƴar Ostireliya, ta yi suna da cewa abinci ya warkar mata da sankarar ƙwaƙwalwa. A 2015 ta amsa da bakinta cewa ba ta taɓa yin ciwon ba, a 2017 kotu ta ci ta tarar dalar ƙasarsu 410,000.

To, wadda ta ƙi asibiti ɗungurungum fa? Masu bincike na jami'ar Yale a Amurka sun bi sawun irin waɗannan majinyata suka fitar da sakamako a 2018: ga mai sankarar mama da ba ta bazu ba, dogaro da maganin da ba na asibiti ba shi kaɗai ya ninka haɗarin mutuwa fiye da sau biyar. Wannan ce hanyar da tallan ke tura matanmu, don ƴar Mirriya ko Magariya da ta ji labarin tauraruwa ba ta yi aikin da tauraruwar ta yi ba. Ƙullutun yana nan, yana girma.

Ba kowane ƙullutu ne daji ba. Mafi yawansu ba shi ba ne, musamman ga ƴan mata. Amma hannu ba ya bambancewa, ko na boka ko na likita. Alamun da ba a jira da su: ƙullutu mai tauri a mama ko a hammata, ko da ba ya ciwo (rashin ciwon ne ma ke yaudarar mutane), kan mama ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, jini daga kan mama ɗaya, fata ta yi kauri da ƴan ramuka kamar ɓawon lemu, gyambon da ya ƙi warkewa. Mai shayarwa da mamanta ya kumbura ya yi ja, aka ba ta maganin ƙwayoyin cuta mako ɗaya zuwa biyu bai sauka ba, ta koma a sake dubawa, kada a tsaya ga cewa kaikayin nono ne.

Hanyar ita ce ungozoma ko likitan unguwa ya duba, ya rubuta takardar turawa zuwa cibiyar uwa da yaro ko babban asibitin ƙasa na Damagaram. A yi hoto: eko ga mai ƙananan shekaru, mamogirafi ga wadda ta kai 40. Sannan awon nama. Ana kashe wurin da allura, a sa wata allura mai ɗan kauri a gutsuro nama kamar tsinken ashana, a sa a kwalbar ruwan formol a kai ɗakin bincike. Wannan takardar ce kaɗai ke cewa daji ne ko ba shi ba. Duk wanda ya ce ya warkar da sankara, a ce ya nuna ta. In babu, wataƙila maruru ya warkar. A kuma nemi a auna abu uku a jikin naman, ER da PR da HER2, don su ke faɗin irin maganin da ciwon zai ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga zuwan farko zuwa kammala duk awon kada a wuce kwana 60.

Mun san maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata. Ga inda ta samo asali. Mace ta yi wata takwas ko shekara tana shafe-shafe da turare, sai da ciwon ya kai huhu ko hanta ko ƙashi aka kawo ta, aka taɓa, bayan ƴan watanni ta rasu. Dangi suka ɗora wa ƙarfe. Ciwon ya riga ƙarfen isa can. Abin da ke ɓata wuri da gaske shi ne sakiya, da tsaga, da shafa magunguna masu cin fata: suna buɗe gyambo, ƙwayoyin cuta su shiga, likitan fiɗa ya rasa lafiyayyar fatar da zai ɗinke.

Shimiyo ake tsoro, don haka mu faɗe ta yadda take. Ƙarin ruwa ne, galibi sau ɗaya duk kwana 21, zagaye shida zuwa takwas, kafin aiki ko bayansa. Ana awon jini kafin kowane zagaye. Gashin kai yana zubewa mako biyu zuwa uku da farawa, ya sake tsirowa bayan an gama. Amai akwai maganinsa, a nema tun ranar farko. Ɗaya daga cikin magungunan ja ne, fitsari kan yi ja kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Haɗarin gaske yana tsakanin kwana na 7 da na 14, lokacin da sojojin jini ke raguwa: zafin jiki ya kai 38, a tafi asibiti a daren, kada a sha parasetamol a kwanta a ce masassarar sauro ce.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan zagaye na biyu ko na uku. Ƙullutu ya yi laushi ya ƙanƙance, jiki ya gaji, aljihu ya gaji, sai ga mai kwalba. A daina zuwa, a ba kwalbar yabon aikin da shimiyo ta yi. Ƙwayoyin ciwon da suka rage su ne masu taurin kai, in suka dawo ba lalle maganin farko ya sake cin su ba. Haka tamoksifen ga mai ER: ƙwaya ɗaya ta miligiram 20 kullum, shekara biyar zuwa goma. Shekara biyar ɗin na rage mutuwa daga ciwon da kusan kashi ɗaya cikin uku, amma ga wadda ta sha ta. Ba a ɗaukar ciki a kanta. Mai HER2 kuma akwai allurar tirastuzumab duk mako uku har shekara guda, tare da duba zuciya.

Gashi kuwa ba wuta ba ce, haske ne daga na'ura, mintoci kaɗan a rana, kwana biyar a mako, mako uku zuwa biyar. Tun 2021 ana yin sa a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai. Kusan kilomita 900 ne daga nan, saboda haka a fara shirin masauki da mai rakiya tun ranar da aka sa ranar aiki. Tun 2007 doka ta ce kula da sankarar mata kyauta ce a asibitocin gwamnati, a tambaya a nemi wannan haƙƙi. Sai dai kuɗin mota, abinci, da maganin da ya yanke a saya a farmasi suna kan iyali. Jikunan da ake zubawa a kwalabe nan ya kamata su tafi. Maigida, izininka da sa hannunka a aljihu suna cikin maganin.

Ba gaba muke da itace ba. Pakilitaksel, da ake ƙara wa masu wannan ciwo, daga ɓawon wani icce aka fara samo shi, amma sai da aka tace, aka auna, aka gwada a kan dubban majinyata. Abin da ake sayarwa da sunan bitamin B17 shi ma an gwada shi, a 1982, a kan mutum 178: ba wanda ya warke, wasu suka nuna alamun guba irin ta ɗanyen rogo mai ɗaci. Zogale a kwaɗo abinci ne, a ci. Addu'a da ruƙiyya ba sa karo da ƙarin ruwa. Amma duk jiƙo ko garin da ake sha a kawo shi a nuna wa likita, don hanta da ƙoda ɗaya ne ke tace shi da shimiyo, in awon hanta ya hau dole a ɗage zagaye.

Roƙonmu gare ka da gidajen rediyon garin nan: kafin a karɓi tallan maganin daji, ko wane ne ya riƙo kwalbar, a nemi takardar awon naman waɗanda aka ce sun warke, a tambaya ko an yi musu aiki, a kuma tambaya mutum nawa suka sha gaba ɗaya, ina suke yau.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya, Damagaram.