Godiya ga kamfanin manhajar da ya karɓe ni SIWES a Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugaba da dukkan ma'aikatan kamfanin haɗa manhajar nan da ke titin Gidan Zoo a Kano, inda na yi wata shida ina koyon aiki. Na nemi izinin ambaton sunanku, shugaba ya ce in bari, ba don a san ku kuka yi ba. Na bari. Amma godiyar nan sai na yi ta a fili, domin samun mutanen da za su ɗauke ni da daraja a wajen koyon aiki abu ne da na riga na cire rai da shi.

Ni ɗalibar kimiyyar kwamfuta ce, aji uku. Da lokacin SIWES ya zo, wato shirin nan da hukumar horas da ma'aikata ta ITF ke kula da shi tun shekarun 1970 don ɗalibi ya taɓa aiki da hannunsa kafin ya gama makaranta, sati uku na yi ina hawa da sauka a adaidaita sahu da takardar makaranta a jaka. Wani wurin ko ƙofa mai gadi bai bari na wuce ba. Wani wurin aka karɓi takardar aka ce za a kira ni, har yau shiru. A wani ofis tambayar farko da aka yi mini ita ce, "Wa ya turo ki?" Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne inda aka ce in biya kuɗi, in koma gida in zauna, ƙarshen wata shida in kawo littafin aikina a buga mini hatimi. Da na faɗa wa Baba, cewa ya yi ba zai saya mini ƙarya da kuɗinsa ba. Ranar na yi kuka, don ƙawayena biyu sun riga sun biya.

Kuma ina da dalilin neman wurin gaske. A aji biyu aka koya mana Java, wani harshen rubuta manhaja, da tsarin gina manhaja bisa kilas da objek. Mun haura mutum ɗari biyu a zaure ɗaya, kwamfutocin da ke aiki a ɗakin gwaji ba su da yawa, wuta kuma sai ranar da aka gan ta. Malaminmu ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa. Amma da biro muka rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, a jarrabawa. Na haddace ma'anar gado, wato yadda wani kilas ke gadon halayen wani, da killace bayanai, da yadda suna ɗaya kan ɗauki ayyuka daban-daban, na zuba su a takarda na ci. Sai dai da za a ajiye mini kwamfuta a ce in gina wa mai shago manhaja, ban san ta inda zan kama ba, kuma abin yana damuna ƙwarai.

A wajenku ba wanda ya tambayi ɗiyar wace ce ni. An ba ni kujera, an ba ni ruwa, aka ce in nuna abin da na taɓa rubutawa, washegari na fara.

Wadda aka haɗa ni da ita, babbar injiniyarku da kowa ke kira Anti, ita ce dalilin wannan wasiƙar. Lokacin kuna gina manhajar lissafi wa wani Alhaji ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Anti ta ba ni ɓangaren biyan kuɗi in gwada. Kwana huɗu na yi a kai, na kawo mata fayil guda mai layi kusan 600: idan tsabar kuɗi ne yi kaza, idan tiransifa ce yi kaza, idan POS ne yi kaza, kuma wannan "idan, idan" ya maimaitu a wajen rasit, a wajen rahoton yamma, a wajen bashi. Yana aiki. Ta karanta tun daga sama har ƙasa, ba ta ɓata fuska ba. Sai ta ce, "Ƙanwata, kin yi ƙoƙari. To Alhaji ya ce akwai masu biya kaɗan-kaɗan duk sati, ƙara mini wannan." Na taɓa wuri ɗaya, uku suka lalace. Na gyara su, rahoton yamma ya daina daidaita. Sai bayan la'asar ta jawo kujera kusa da ni ta ce, yanzu kin ga ciwon da aka ƙirƙiro maganin dominsa.

Washegari kasuwa ta kai ni. Muka zauna a kan benci a shagon Alhaji kusan awa biyu, ta ce kada in yi komai sai sauraro da rubutu. Dila ta iso, a sauke. Turmin atamfa yadi shida ne, shadda kuwa a yadi ake yanka ta. Wane ya ɗauki kaya bashi, ya biya rabi. Da muka dawo ofis ta ce in ja layi a ƙarƙashin kowane suna da na ji, in zagaye kowane aikatau. Kaya, abokin ciniki, bashi, biya, rasit a gefe guda. Sauke, yanka, ɗauka, rage a ɗaya gefen. Ta ce sunayen nan su ne za su zama kilas, aikatau kuma ayyukan da kowane kilas zai ɗauka. Kilas kamar injin buga bulo yake, objek kuma bulon da ke fitowa, kowanne da wurinsa a gini. Ta ba ni labarin cewa a Oslo ta ƙasar Norway aka faro wannan tunani, inda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka fitar da harshen Simula 67 don kwaikwayon abubuwan duniya a cikin kwamfuta, tun kusan shekara talatin kafin kamfanin Sun ya fitar da Java a 1995. Tun asali ke nan daga kallon rayuwa ake farawa, shi ya sa ta kai ni Kwari.

Da muka sake ginin, kowace hanyar biya ta zama kilas ɗinta, dukkansu suna amsa kira guda. Rasit ba ruwansa da yadda aka biya, kira kawai yake yi. Ƙara masu biya kaɗan-kaɗan bai kai layi talatin ba, kuma ban taɓa tsohon kod ba. Adadin bashi kuma muka kulle shi cikin kilas ɗinsa, ba mai canza shi sai ta hanyar biya ko ɗaukar kaya, kamar yadda Alhaji ba ya barin kowane yaron shago ya sa biro a littafin bashi. Daga baya da na ji daɗin gado na so in sa komai ya gaji komai, Anti ta taka mini birki. Ta ce in riƙa tambayar kaina: wannan irin wancan ne, ko kuwa yana ɗauke da shi ne kawai? Rasit ba kaya ba ne, yana ɗauke da jerin kaya ne. Wannan tambayar har yau ina yin ta kafin in buɗe sabon kilas.

Ba ta taɓa karɓar laftof ɗina ta rubuta mini ba, ko da kuwa sauri ake yi. Ba ta taɓa yi mini gyara a gaban maza ba tare da ta fara faɗin abin da na yi daidai ba. Ranar da mai duba mu daga makaranta ya zo, ta ajiye aikinta ta zauna, ta ce ni zan yi masa bayani da bakina.

Sauran abubuwa kuma na gode: sola da intanet da ba sa yankewa, wurin salla na mata, kuɗin mota duk ƙarshen wata, da koya mini Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da na ji da muka koma makaranta. 'Yan ajinmu da dama wata shidan nan a gaban injin hoton takardu suka ƙare shi, ko a aiken sayo abinci da katin waya. Wata ƙawata a ofishin da ke cike da kwamfutoci ta zauna, ba a bar ta ta kunna ko ɗaya ba, wai kada ta lalata. Su kuma waɗannan wuraren su ne gobe za su ce ɗaliban yanzu ba su iya komai ba. Ta ina za su iya? A makaranta babu wuta, a wurin koyon aiki babu mai kallonka. Ga shi an mayar da hatimi abin sayarwa, kowa ya sani, kowa ya yi shiru. Ku ma'aikatanku ba su kai goma ba, ɗaki biyu ne ofishinku, amma kun samar mini kujera da malama.

Ina roƙon shugaba, in da hali, a ƙara yawan ɗaliban da ake ɗauka baɗi, ko da mutum biyu ne. 'Yan aji biyu mata har sun fara tambayata hanya. Anti, aikin kammala karatuna a kan lissafin adashe zan yi shi, kuma zan kawo miki zanen kilas ɗin ki duba kafin in rubuta layi ko ɗaya. Allah ya saka muku da alheri, ya jiƙan magabatanku, ya buɗa kasuwa.

Wassalam.
Ɗalibarku ta SIWES.