Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin da ya sayar mini da robobin abinci 1,200 daga Kano

Zuwa ga shugaban kamfani,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata.

Jiya Talata, 27 ga Mayu, na kira lambar ofishinku sau bakwai tsakanin hantsi da la'asar. Sau shida tana ta ƙara har ta katse. A na bakwai aka ɗauka, na yi sallama, na ji numfashin mutum da ƙarar fanka, sai aka kashe. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan a inda kowa zai gani. Ban ambaci sunanku ba, kuma ba don tsoro ba ne. Kun san kanku, matan da ke girki a Damagaram su ma sun san ku.

Ni mai girkin biki ce a unguwar Zango. Shekarata goma sha ɗaya ina wannan sana'a: aure, suna, walimar sauka, wani lokaci abincin rana na ma'aikata. Da can a leda muke ƙulla wa mutane, kamar kowa. Tun 2014 akwai doka a Nijar da ta hana ledoji marasa kauri, ko da yake har gobe ga su nan rataye a kan ƙaya duk inda ka duba. Ni dai ba doka ce ta raba ni da leda ba, kunya ce. Ba ya yi mini kyau in ga an zuba miya mai tururi a leda an miƙa wa surukin wani. Da na koma roba mai murfi sai cinikina ya ƙaru, don mutane sun san abincin Hajiya yana zuwa a rufe, a jere, ba maiƙo a jikin kowa.

Bayan ƙaramar Salla wakilinku na nan ya same ni a Kasuwar Dole, ranar wata Alhamis, da samfuri a hannu. Na sayi guda ashirin don gwaji. Gaskiya ɗaya ce, sun yi kyau. Ka danna murfi ka ji ya ce ƙas, ka kifa ta da miya a ciki ko ɗigo ba ya fita. Na jera takwas cike da shinkafa, ɗaya bisa ɗaya, na girgiza tebur, ba su motsa ba. A gindin kowace akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba 5 a ciki, ga kuma hoton kofi da cokali mai yatsu. Ranar 10 ga Afrilu na biya jika 180 cif, wato sefa dubu 180, kuɗin katan 12, kowane katan guda 100, a kan dala talatin, wato sefa 150, kowace roba. Na ƙara jika 12 na mota. Takardar biyan tana hannuna da hatiminku a kai.

Kaya suka iso wajen ƙarshen wata, bayan an ce mini sati ɗaya. Ban yi ƙorafin jinkiri ba, na san halin hanya, daga Kano zuwa Daura, a tsallaka iyaka, a biyo ta Matamaye. Na ajiye su a zaure ban buɗe ba sai ana gobe aiki. Wannan kuskurena ne, na yarda. Na ɗauka abin da aka nuna mini shi aka ɗoro.

Ranar Juma'a da dare muka buɗe. Robobin sun shige cikin juna sun cije, kamar an liƙa su da ƙaro. Ni da yarana mata uku muka kwana muna ɓamɓara, wata da wuƙa, wata da bayan cokali, har ƙaramar ta yanke a yatsa. Sai da muka buɗe katan biyar kafin mu haɗa 400, don wajen casa'in sun tsage a hannunmu. Murfin kuwa, in ka danna wannan gefe wancan ya ɗaga. Wani ya yi yawa yana rawa, wani ko da gwiwa ka hau shi ba ya shiga. Dare ya riga ya yi, babu shagon da zan samu robobi 400 a wannan lokaci, ga shinkafa an riga an wanke.

Asabar 3 ga Mayu aka ɗaura auren. Muka zuba shinkafa da miya da nama, muka jera biyar-biyar a bayan adaidaita biyu, daga Zango zuwa Birni. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba. Kafin mu kai ƙofar gidan biki, murafan na ƙasa sun lotsa saboda zafi da nauyi, na sama sun zame, jerin ya rushe. Da aka ɗaga tabarmar da muka rufa, mai ne ke bin ƙasan keken yana ɗiga a titi. Na ƙirga da hannuna: 137 ba su ciwuwa. Uwar amarya ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dube ni kawai ta ce, "Hajiya, ke ce kuwa?" A daren na mayar mata da jika 60. Cikin matan da ke wurin babu wadda ta tambayi sunan kamfanin roba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, sunana ne ya bi gari.

Ga kuma abin da mutumin Kano ba zai gane ba sai ya zauna a nan: a watan Mayu, a Damagaram, ruwa kuɗi ne. Bido nawa na saya a hannun 'yan garuwa don wanke keken mutane da tabarmi da zannuwan yara, ban ma rubuta ba.

Ina da ɗan yaya da ya yi shekara uku yana aiki a kan injin buga roba a Kano, ba a wajenku ba. Shi na kira ya duba. Ya ɗauki tsohon samfuri da sabon kaya ya ajiye su gefe da gefe, ya nuna mini abubuwan da ban taɓa lura da su ba duk shekarun nan. Ya ce robar da aka yi don a jera ta, dole bakinta ya fi gindinta faɗi kaɗan, don ta fita daga ƙarfen zubi cikin sauƙi, kuma ta zauna cikin 'yar'uwarta. Amma wannan kaɗai bai isa ba, sai an yi mata 'yar kafaɗa a ƙarƙashin baki, ko 'yan haƙarƙari a gindi, inda ta sama za ta tsaya ta bar iska a tsakani. In babu wannan, nauyin katan zai tura su cikin juna su cije. Samfurin yana da kafaɗar, na shafa na ji ta. Wanda kuka aiko mini sumul yake.

Murfi kuma aikinsa biyu ne. Akwai kwarin da ke zagaye da shi, wanda leɓen roba ke shiga ya kama. Akwai kuma loƙon da ke samansa, daidai faɗin gindin robar da za a ɗora, don kada ta zame. A naku loƙon bai kai ya riƙe komai ba, kuma faɗinsa bai yi daidai da gindin ba. Ya ce ko dai murfin na wata roba ce daban aka haɗa mini, ko kuma an fitar da shi daga inji bai gama hucewa ba don a yi sauri, ya karkace. Ya bayyana mini cewa irin robar nan mai lamba 5, wadda ake kira PP, tana ɗan tsukewa in ta huce, kamar kashi 1 zuwa 2 cikin 100, kuma mai tsara ƙarfen zubi yana lissafa wannan tun farko. In aka canja kayan haɗi, ko aka cika tsohuwar roba da aka niƙa, lissafin ya tashi, murfi da jiki sai su raba hanya.

Sai muka kifa su. Babu lamba 5, babu kofi da cokali, babu komai sai tabon inda aka zuba. Ya ce PP ta kirki sai zafi ya haura digiri 160 take narkewa, shi ya sa ake zuba mata abinci mai zafi, ba kamar mai lamba 1 ta gorar ruwa ba, wadda tafasasshen ruwa ke yamutsawa. Muka zuba ruwan zafi a samfuri, ko gezau. Muka zuba a naku, gefen ya yi laushi, wani wari ya taso kamar na ƙonanniyar leda. Muka kai sikelin wani mai shago: goma na samfuri giram 310, goma na sabon kaya giram 230. Ranka ya daɗe, giram 80 ɗin nan ina suka tafi? Ni dai kuɗina bai ragu da ko dala ba.

Daga nan na fara zarya. Wakilinku ya ce shi ɗan aike ne. Na tura hotuna da bidiyo ta WhatsApp, an gani, ba a amsa ba. Wani ya ce manaja ya yi tafiya, wani ya ce ana taro, wata ta ce in sake turo hotunan don wayar da ke ɗauke da su ta lalace. Na sake turawa. An yi mini alkawarin kira "gobe" ban san sau nawa ba.

Sai ranar Litinin 19 ga Mayu, ƙarfe 4:20 na yamma, aka haɗa ni da manajan cinikinku. Minti shida muka yi, yana nan a wayata. Na gaishe shi, na yi masa bayani tun daga farko. Bai bari na kai ƙarshe ba ya ce, "Baiwar Allah, robar nawa ce ma? Araha ai ba ta ado." Na ce ba araha na nema ba, abin da aka nuna mini na biya. Ya yi dariya ya ce, "Ku mutanen can ba ku iya rufe murfi ba ne, sai an koya muku." Na ce masa, ɗana, na haifi kamarka, ka gyara harshenka. Ya ce, "To Hajiya, ai kayan da ake tsallakawa da su can daban ne, kowa ya san wannan. In na Turai kike so, ki tafi Turai." Ya kashe.

A kan rufe murfi, ka gaya masa garin nan shi ne babban birnin Nijar har 1926, kuma tun zamanin Sarki Tanimun maƙeran Damagaram suke ƙera igwa. Fatake na kai da komo tsakanin nan da Kano tun kakan kakansa bai zo duniya ba. Murfin roba ba zai gagare mu ba.

Amma ba zagin ne ya hana ni barci ba, maganarsa ta ƙarshe ce. "Kayan da ake tsallakawa da su can daban ne." Ni ban tambaye shi ba, bakinsa ne ya faɗa. Da na ba da labari a wajen wani suna, mata biyu masu sana'a irin tawa suka ce su ma haka ta same su, ɗaya a kan robar fura, ɗaya a kan ta dambu. Kowace ta yi shiru don tana ganin ita ce ba ta yi sa'a ba. Yanzu na gane ba rashin sa'a ba ne. Kuna da kaya iri biyu: na nunawa da na lodawa. Abin da injinku ya ɓata, wanda ɗan kasuwar Kano zai dawo muku da shi a adaidaita kafin azahar, shi kuke cusawa a katan ku liƙe ku tura ƙetaren iyaka, don kun san mace mai girki a Zinder ba za ta biya kuɗin mota ta zo ta tsaya muku a ƙofa ba. Kuma abin da ya fi damuna, cikin robar da ba ta da ko alama, wadda ba wanda ya san da me aka narka ta, a ciki yaran mutane suka ci abinci mai zafi daga hannuna.

Abin da nake nema: jika 180 na kaya, jika 12 na mota, jika 60 da na mayar wa uwar amarya. Jika 252 ke nan. Ban sa ruwa ba, ban sa shinkafa da naman da suka zube ba, ban sa aiki biyu da na rasa cikin watan nan ba, don ba ni da takardar da zan nuna a kansu. Ina so manajan nan ya kira ni da bakinsa ya ba ni haƙuri. Ina so ku rubuto mini da wace irin roba aka yi kayan nan, da dalilin da ya sa babu lamba a gindinsu. Kuma ku aiko mutum ya zaga Kasuwar Dole ya kwashe sauran, don jiya ma na gan su jibge a shaguna biyu, ana sayar wa mata ana cewa irin samfurin ne.

Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na ba ku zuwa jajibirin Babbar Salla. In ban ji daga gare ku ba, zan ɗauki samfuri ɗaya da sabon kaya ɗaya da takardar biya in kai ofishin kula da kasuwanci na jiha, daga nan in wuce gidan rediyo, a can kuwa zan faɗi sunanku.

Katan bakwai suna nan a zaurena ba a buɗe ba, da liƙinku a jiki. Lambata ita ce wadda aka kashe wa waya jiya da la'asar.

Wassalam,
Mai girkin biki, unguwar Zango, Damagaram