Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Sauya Fitilun Aiki na Dandamali

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi.

An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, takardun zaman suna wurin sakatare.

Babban aikin bana shi ne raba dandamalinmu da tsofaffin fitilun halojin da muke kunnawa lokacin atisaye da ɗaura kayan fage. Guda 12 ne, kowace wat 500, masu dogon ƙwai na milimita 118. In aka kunna su baki ɗaya, wat 6,000 ke nan, kusan amp 26 a wutar bolt 230. Shi ya sa breka take yawan faɗuwa, kuma tabon ƙunan da ke jikin labulen gefe aikin zafinsu ne.

Wasu sun ba da shawarar a bar gidajen fitilun, a sauya ƙwai kawai. An sayo ƙwan LED biyu masu irin wannan baki aka gwada. Sun fi na halojin kauri, gilashin gaba ya ƙi rufuwa. Haskensu kuma bai kai sulusin na da ba, domin halojin mai wat 500 yana ba da kusan lumen 9,000 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske). Ko da ya shiga, gidan da ba iska zai dafa shi ya mutu da wuri. Saboda haka aka sayi cikakkun fitilun LED masu wat 100, guda 8, aka maye gurbin takwas daga cikin tsofaffin.

Matsalar farko daga dima ta fito, wato na'urar rage haske da ƙara shi. Tsofaffin a kanta suke, sababbin kuwa ba sa jituwa da ita: in an rage sai su yi ta ƙifce-ƙifce, in an kai sifili kuma wani ɗan haske ya ƙi mutuwa, don dima tana yoyon 'yar wutar da halojin ba ya ko ji amma ta ishi LED. An cire su, aka ja musu layi kai tsaye. Ta biyu ita ce fizgar wuta a daidai lokacin kunnawa. Takwas a makunni ɗaya sai su kayar da breka nau'in B, duk da ƙarancin abin da suke ci. An sa nau'in C, wadda ta fi jure irin wannan fizga, aka raba fitilun huɗu-huɗu. Wayar da ke kusa da tsofaffin gidajen zafi ya busar da robarta har tana marmashewa, sai da aka yanke wajen kamu biyu a kowace. Duk an haɗa musu wayar ating (mai kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa) da wayar tsaro mai riƙe fitila kada ta faɗo.

Abin da ya cika kasuwa haske ne fari fat mai 6500K (K ma'aunin launin haske ne), wanda ke dusashe launin fata da na fenti. Mun nace sai mai 3000K, don ya yi kusa da fitilun wasa. Kowace an gwada ta da kyamarar waya a ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya; biyu sun nuna ratsi-ratsi, aka mayar aka canzo.

Ranar wasan bayan Babbar Sallah ne aikin ya nuna kansa. Ana tsakiyar sauya fage daga fadar sarki zuwa kasuwa, NEPA ta ɗauke wuta, babban janareta kuma ya ƙi tashi. Da a bara ne, da tocilar waya za a ƙarasa, ko a ba jama'a haƙuri. Sai aka tayar da ƙaramin, ya ɗauki wat 800 ba tare da ya ko sauya murya ba. Masu ɗaukar kaya suka gama a natse, 'yan wasa suka fito suka yi fitowa biyu a ƙarƙashin fitilun aiki kafin a shawo kan babban. Zaure cike yake, ba wanda ya tashi, kuma masu kwalliya sun shaida cewa gumi bai wanke hodar kowa ba. Matasa biyar da suka kwana uku suna hawa tsani, Allah ya saka muku da alheri.

Game da huɗun da suka rage a saman labulen baya, ana ta cewa kwamiti ya yi watsi da su. Ba haka ba ne. Tsaninmu ba ya kaiwa can, sai an yi hayar ƙarafunan hawa, kuma layinsu daban ne, yana buƙatar sabuwar waya. Kuɗin wata-wata da ya shigo bai kai rabin abin da aka tsara ba. Ma'aji ya aika saƙo, ya kira, ya bi wasu har shago. Masu ƙorafin nan yawancinsu sunansu na cikin masu bashi, kuma ranar aiki ba a ga ƙeyarsu ba.

Kafin a sauya su, kada a kunna huɗun nan labule yana kusa, kada kuma a taɓa ƙwan da hannu tsirara, maiƙon yatsa yana kashe shi. Ana neman mutum biyu da za su riƙa goge ƙurar hunturu daga bayan sababbin duk wata, don ta nan suke fitar da zafi. Mai bashi ya ga ma'aji kafin taro mai zuwa.

Wassalam.
Kwamitin Fitila da Sauti