Jagororin jihohin Indiya: yadda suke hawa kujera da yadda ake tuge su

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in tofa albarkacin bakina kan wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisun shayi na nan Garwa tun bayan zaɓen Indiya na 2024. A zaɓen, jam'iyyar BJP ta Firaminista Narendra Modi ta samu kujera 240 cikin 543, alhali sai da 272 ake kafa gwamnati. Dole ta jingina da kujera 16 ta Chandrababu Naidu na jihar Andhra Pradesh, da 12 ta Nitish Kumar na Bihar, da wasu ƙananan jam'iyyu. Sai samarinmu suka ce ai ga hanya, ɗan arewa ya tara 'yan kujerunsa, Yawunde ta zo da kanta.

An taɓa yin haka a nan Kamaru. A zaɓen majalisa na 1992 jam'iyya mai mulki RDPC ta samu kujera 88 cikin 180, UNDP ta Bello Bouba Maigari 68, kujera 6 ta MDR ta Dakolé Daïssala ce ta cika wa gwamnati rinjaye. Abin da ya raba mu da su shi ne Naidu yana da jiha a hannunsa. Tsarin mulkin Indiya ya bar wa jihohi 28 'yan sanda da filaye da noma da asibitoci. Gwamna naɗi ne daga Delhi, kamar yadda ake naɗa namu, amma mulki na hannun babban minista, wato wanda ya fi kowa 'yan majalisar jiha a bayansa. Majalisun yankunanmu da aka fara zaɓa ranar 6 ga Disamba 2020 kuwa, mutum 90 ne a kowanne: 70 kansilolin gari suka zaɓa, 20 wakilan sarakuna. Talaka bai jefa musu ƙuri'a ba, ba su da ko ɗan sanda ɗaya.

Hawa kujerar akwai matakai. Ɗan takarar majalisar jiha yana ajiye rupi 10,000, in bai samu kashi ɗaya cikin shida na ƙuri'un mazaɓarsa ba, kuɗin sun tafi. Jam'iyya kuma tana neman hukumar zaɓe ta amince da ita a matsayin jam'iyyar jiha, ɗaya daga cikin hanyoyin shi ne kashi 6 cikin ɗari na ƙuri'u da kujera biyu. Ladan wannan shi ne alama ta dindindin a kan na'urar zaɓe: keke, giwa, agogo, kwari da baka. Tsohuwar ƙauye ba ta karanta sunan kowa, alama take nema ta danna. Ku riƙe wannan, domin a kan alamar ake yin faɗan ƙarshe.

Sai lissafi. Kowace mazaɓa kujera ɗaya ce, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka ko da tazarar goma ce. Mayawati, 'yar Dalit ɗin da ake yi wa kallon ƙasƙanci, ta zama babbar ministar Uttar Pradesh a 1995, amma sai a 2007 ta ci ita kaɗai: kujera 206 cikin 403 da kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙuri'u, bayan ta jawo Brahmin, masu ajin sama a al'adar Hindu, da Musulmi ta haɗa da mutanenta. A zaɓen tarayya na 2014 ta samu kusan kashi 20 a jihar, kujera ko ɗaya babu. Ƙuri'un suna nan, sai dai a warwatse. Da wuya ƙabila ɗaya ta ci zaɓe ita kaɗai a wannan tsari.

Masu son fim kan kawo N. T. Rama Rao, jarumin fim da ya mulki Andhra Pradesh, su ce suna ne ya ba shi. Lallai ya kafa jam'iyyar Telugu Desam a Maris 1982, ya hau mulki a Janairu 1983, wata tara ke nan. Amma ya zo da abu biyu a hannu: ƙorafin cewa Delhi tana sauya wa mutanen Telugu shugabanni yadda ta ga dama, da alkawarin shinkafa rupi 2 kilo. Mamata Banerjee kuwa ba ta da fim. Ta bar jam'iyyar Congress ta kafa tata, Trinamool, a 1998, ta sha kaye, har aka zo rikicin gonakin Singur a 2006, inda gwamnati ta karɓi kusan eka 1,000 domin masana'antar motar Tata, sannan Nandigram a 2007, inda aka kashe mutum 14 a rana guda. Da maganar gona ta kawo ƙarshen shekara 34 na 'yan gurguzu a Bengal ta Yamma a 2011.

Inda na fi so a tsaya shi ne yadda ake sauke su, domin sau da yawa ba a rumfar zaɓe ake yi ba. A Agusta 1984, bayan Rama Rao ya je Amurka aikin zuciya, gwamna ya rantsar da ministan kuɗinsa a madadinsa. Rama Rao ya kwashi 'yan majalisarsa zuwa Delhi a ƙirga su, bayan wata guda aka mayar da shi. A 1994, a shari'ar Bommai, Kotun Ƙoli ta ce a zauren majalisa ake gwada rinjaye, ba a falon gwamna ba. Wannan ya toshe ƙofa ɗaya. A 1995 surukinsa, wannan dai Naidu, ya tara 'yan majalisar jam'iyyar a wani otal a Hyderabad, ya ƙwace kujerar da jam'iyyar duka. Rama Rao ya rasu a Janairu 1996. Da ɗan gari akan ci gari.

Dokar hana sauya sheƙa ta 1985, wadda aka tsananta a 2003, ta ce ɗan majalisar da ya bijire wa jam'iyyarsa ya rasa kujera, sai in kashi biyu cikin uku suka tafi tare. To, sai aka koyi zagaye ta. Hanya ta farko: a sa wasu su yi murabus, zaure ya ragu, rinjayen da ake bukata ya sauko. Haka gwamnatin Kumaraswamy ta faɗi a Karnataka a Yuli 2019, ƙuri'a 99 da 105, haka ta Kamal Nath a Madhya Pradesh a 2020 bayan 22 sun ajiye kujerunsu. Hanya ta biyu: a cika kashi biyu cikin ukun. A Yuni 2022 jam'iyyar Shiv Sena ta babban minista Uddhav Thackeray tana da 55 a majalisar Maharashtra, ana bukatar 37. Eknath Shinde, wani jigon jam'iyyar, ya fitar da mutanensa zuwa Surat, daga nan Guwahati, duka a jihohin BJP, inda 'yan sandan Uddhav Thackeray ba su da iko, har suka kai kusan 40. Ƙarar korarsu kuma kakakin majalisa ne ke yanke ta, doka ba ta ɗibar masa wa'adi ba.

Kotu ma tana sauke mutum. Tun 2013, ɗaurin shekara biyu yana cire ɗan majalisa nan take. Lalu Prasad Yadav, wanda ya ɗora matarsa Rabri Devi a kujerar Bihar a 1997 da badaƙalar kuɗin abincin dabbobi ta taso, a 2013 ɗin ya rasa kujerarsa ta tarayya. Ni a ganina ɗora uwargida ba dabara ba ce, shaida ce cewa jam'iyyar ba ta da mutum na biyu da aka yarda da shi.

Mu koma kan Thackeray, domin kuskurensa darasi ne a fili. Ya yi murabus ranar 29 ga Yuni 2022, kwana guda kafin gwajin rinjaye. A Fabrairu 2023 hukumar zaɓe ta duba yawan 'yan majalisa ta miƙa wa Shinde sunan jam'iyyar da Bal Thackeray, mahaifin Uddhav, ya kafa a 1966, haɗe da kwari da bakan. A Mayu Kotun Ƙoli ta ce gwamna bai yi daidai ba da ya kira gwajin, amma ba za ta mayar da wanda ya sauka da kansa ba.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Mai karatunku,
Garwa, Jihar Arewa, Kamaru