An hana ni sayen aisi 20 saboda kulle bayanai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Sana'ata haɗa 'yar na'urar da ke sa ido kan inbata da batiran sola, tana aika wa mai gida rahoto a wayarsa. Watan jiya na yi odar aisi, wato 'yan ƙananan ƙwaƙwalen lantarki da ake dasawa a allon na'ura, guda 20 daga wani dillali a Amurka, kowace ba ta wuce farcen babban yatsana ba. Bayan na biya sai aka tsayar da odar, wai a cikinsu akwai sashen kulle bayanai da ake kira AES, mai hana baƙon ido karanta saƙo. Aka turo fom: wa zai yi amfani da su, a ina, da hannun soja a ciki? Na cike tsakani da Allah. Mako uku ina jira, sai ga kuɗina sun dawo.

Na san tushen dokar. Har zuwa 1996 Amurka tana lissafa fasahar kulle bayanai cikin kayan yaƙi, kafin Bill Clinton ya mayar da ita hannun Ma'aikatar Kasuwanci. A shekarar kuma yarjejeniyar Wassenaar, mai sa ido kan fitar da makamai da fasahar da soja ka iya amfani da ita, ta fara aiki, wadda yau ke da ƙasashe 42, Afirka ta Kudu kaɗai daga nahiyarmu. Nijeriya ba ta cikin jerin takunkumi irin na Iran da Koriya ta Arewa. Ina ganin dillalin ya auna ne ya ga ribar aisi 20 ba ta kai wahalar takardu ba.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne AES ba sirri ba ne. 'Yan Beljiyam biyu suka ƙirƙiro shi, Amurka da kanta ta wallafa shi a 2001 kowa ya karanta. Wata aisi ta China mai suna ESP32 tana ɗauke da shi, ga ta nan a shagunan Kano. To wane ɓarawo aka tare? Ni aka tare, da mai kemis ɗin da ke jiran na'urar don firjin alluransa.

Yanzu na sake zanen allon gaba ɗaya a kan ESP32, dare goma ina riƙe da ƙarfen soda. Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyinmu na masu gyaran lantarki, mu yi rajistar kamfani ɗaya da zai riƙa yi mana oda a dunƙule, ya cike fom ɗin da sunan da dillalai za su amince da shi.

Naka,
Mai haɗa kayan sola, Kano