A duba ƙasa kafin katafila ta shiga aikin sauya kwalbati

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in amayar da wata magana da ta daɗe tana nuƙurƙusar zuciyata. Ni tsohon direban motar haƙa ne, wadda leburori ke kira katafila. Na yi sama da shekara 20 a kanta, kuma galibin aikina a hanyoyin karkara na yi shi: a tone tsohuwar kwalbati da ta rufta, a sa sabuwa, a mayar da ƙasa, a wuce gaba. Aiki ne mai albarka, domin duk wanda ya taɓa ganin ruwa ya yanke hanya tsakanin ƙauye da asibiti ya san darajar kwalbati. Amma akwai abin da muke halakawa a wannan aiki ba tare da kowa ya lura ba, wato kayan tarihin da ke binne a ƙasa, ni kuma da hannuna na taɓa halaka shi.

Wata shekara aka tura mu wani mashigin rafi. Tsohon bututun ƙarfe ne a wurin, tsatsa ta cinye cikinsa, titin ya lotsa a kansa. Za a sa zobban siminti masu faɗi, injiniya kuma ya ce a ƙara zurfi don ruwa ya sami gangare. Tunda ba za a rufe hanya ba, sai aka ce in yanke gefen gaɓa a yi wa motoci ratse. A rana ta biyu, da hantsi, bokitin ya fara fito da wata baƙar ƙasa mai laushi kamar toka, alhali duk kewayen ja ce. Wani yaro lebura ya ɗaga mini hannu, na kashe inji na sauko. A jikin ramin ga rabin tukunya a zaune, haƙorin bokitina ya raba ta biyu, bakinta yana kallon sama yadda mai ita ta ajiye ta. A tsibin ƙasar da na zubar akwai tsingaro da yawa masu zane kamar an mirgina igiya a kansu tun yumɓun yana ɗanye, da dutsen niƙa wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda aiki, da dunƙulen kashin maƙera masu nauyi da ƙananan ramuka. Na ɗauki tsingaro guda na goge shi da babban yatsa, sai na ga shatin yatsan wanda ya gina tukunyar a leɓenta.

Foman ya zo ya leƙa. Ya ce hadari na haɗuwa, motar kuma ta haya ce, kullum ana biya ko ta yi aiki ko ba ta yi ba. Na hau na ci gaba. Kafin la'asar tifa ta kwashe komai an yi ciko da shi. Ba na ɗora wa mutumin nan laifi shi kaɗai. Babu wanda ya taɓa gaya mini ko shi wa za mu kira idan muka ga irin wannan, kuma babu layi ko ɗaya a takardar kwangilar da ya ambaci haka.

Hujjar da aka saba bayarwa ta ƙin duba ƙasa kafin aiki ita ce, ai sauyi ne kawai, an riga an tone wurin lokacin da aka sa ta farko, me ya rage? Wanda ya zauna a kan katafila ya san wannan magana rabin gaskiya ce. Tsohon ramin siriri ne, sau da yawa da diga da shebur aka haƙa shi. Sabuwar kwalbati kusan kullum ta fi tsohuwar faɗi da zurfi. Ana gina mata fukafukai a baki, ana yashe rafin sama da ƙasa, ana yanke ratse, ana share filin ajiye yashi da tsakuwa, ana kuma buɗe ramin ɗiban ƙasar ciko a kusa. Duk wannan sabuwar ƙasa ce da ba a taɓa taɓawa ba. Har ila yau, cikon da aka ɗora titi a kai yakan zame wa tsohuwar ƙasa murfi. Gonar da ke gefe garma ta juya ta shekara da shekaru, amma abin da ke ƙarƙashin cikon yana nan yadda aka bar shi.

Sai kuma a tambayi kai, ina ake sa kwalbati? Inda ruwa ya ratsa hanya. To tun fil azal bakin ruwa ne mazaunin ɗan Adam. Nan ake mashaya, nan ake samun yumɓu, nan maƙera ke kafa murhu, nan matafiya ke yada zango su jira ruwa ya janye. Yawancin hanyoyin karkara ma tsoffin turbobin ƙafa ne aka faɗaɗa, kuma sun bi mashigin da kakanni suka zaɓa. Wato inda muke kafa haƙorin bokiti shi ne daidai inda ya fi dacewa a sami kufai.

Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da wata baiwa da busasshiya ba ta da ita: inda ruwa ya hana iska shiga, itace ba ya ruɓewa. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, kusa da kogin Komadugu Gana a Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da katako a zurfin kusan mita 5. Da ya ci gaba da sara da shi ke nan. Ya tsaya, labari ya kai ga hukuma, masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka zo. Ashe kwalekwale ne mai tsawon fiye da mita 8, wanda ya haura shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. A garin Doba na Ingila kuwa, a 1992, ana tsakiyar aikin titi aka tarar da jirgin ruwa na katako mai kimanin shekara 3,500, an ɗinke allunansa da rassan itace. Abin da ya cece shi, akwai masu binciken kayan tarihi tsaye tare da ma'aikatan titin, su suka gane shi aka dakatar da inji. Idan na tuna waɗannan biyun sai in tambayi kaina, sau nawa bokitina ya fito da baƙin katako daga laka na ɗauka tsohon kututture ne?

Daga baya Allah Ya haɗa ni da wani aiki inda masu ba da kuɗin suka sharɗanta a duba ƙasa kafin a fara. A nan na ga yadda abin yake, kuma ba shi da wahalar da ake tsoro. Wata malama ce mai binciken kayan tarihi ta zo da mataimaka biyu. Kafin ta taka wurin ta riga ta duba tsoffin taswirori da hotunan sama da rahotannin abin da aka taɓa samu a yankin. Da ta iso sai ta zauna da dattawa ta tambaye su ina tsohon gari yake, ina maƙabarta, ina suke tsintar gatarin aradu idan suna noma. Sannan suka bi gaɓar rafin a ƙafa, ido a ƙasa, suna duba inda zaizaya ta yanke. Inda suka yi zato sai su haƙa ƙananan ramuka da shebur su tankaɗe ƙasar da rariya. Wasu ƙasashe sun ma rubuta ƙa'idar wannan dalla-dalla. A lardin Ontariyo na Kanada, duk filin da ke cikin mita 300 daga ruwa ana ɗaukarsa a matsayin mai yiwuwar ɗauke da kayan tarihi, ramukan gwaji kuma ana jera su mita 5 tsakani, a tace ƙasar da raga mai ido milimita 6. Bankin Duniya ma yana sa sharaɗi a ayyukan da yake ba da rance cewa a tanadi matakin da za a bi idan aka yi kiciɓis da kayan tarihi ana cikin haƙa.

A wuraren da malamar nan ta duba mana, mafi yawa ta ce babu komai, mu shiga. Wuri ɗaya ne ta ce a matsar da ramin ɗiban ƙasa gaba kaɗan, aka matsar, ba a yi asarar ko yini ɗaya ba. A wani kuma ta sa na cire bokiti mai haƙora na sa mai sumul, ina kankare ƙasa kaɗan-kaɗan tana tsaye a gabana. Ɗan kwangila mai hankali ya kamata ya fi kowa son wannan, domin gara a gaya masa tun motoci ba su iso ba, da a tsayar da shi rami a buɗe ruwa na sauka.

Na san akwai lokacin da ambaliya ke ɗauke kwalbati cikin dare, mutane su maƙale. A irin wannan hali ba na cewa a jira kowa. Rai ya fi tukunya. Amma yawancin kwalbatocin da muke sauyawa an san da lalacewarsu tun shekara guda ko biyu, an yi safiyo, an yi zane, an yi lissafin buhunan siminti. A cikin waɗannan watanni ba za a rasa kwana biyu na duba ƙasa ba.

Roƙona ga hukumomin hanyoyi da injiniyoyinsu shi ne su sa wannan dubawa cikin takardar kwangila tun farko, kuma ta haɗa da ratse da ramin ciko, kada a tsaya kan layin bututu kaɗai. A rubuta cewa idan aka dakata saboda an ga wani abu, ba ɗan kwangila zai ɗauki asarar kwanakin ba, domin muddin tsayawa asara ce a aljihunsa, foman zai ce a rufe ne. Mu kuma direbobi a zaunar da mu ko na rabin awa ne a nuna mana tsingaro da kashin maƙera da kalar ƙasar tsohon murhu, a manna lambar wayar hukumar gidajen tarihi ko jami'a mafi kusa a cikin motar. Idan ƙasusuwan mutane ne suka fito, to a nan babu ma zancen jayayya, haƙƙin mamaci ne a tsaya. Direba shi ne idon farko a kan ramin, kuma yawancinmu da an gaya mana da mun tsaya.

Tsingaron nan mai shatin yatsa na sa shi a aljihu a ranar, ya yi shekaru a akwatina. Da na saba da malamar sai na kawo mata. Ta juya shi a tafin hannu, ta tambaye ni zurfin da ya fito, da abin da ke samansa da ƙasansa, da ko akwai gawayi tare da shi. Ta ce da gawayin da ke kwance tare da tukunyar ake auna shekaru, kuma da an same shi a mazauninsa da an san lokacin da mutanen suka zauna a bakin rafin. Na gaya mata akwai gawayi, da yawa ma, na gan shi da idona, tifa ce ta tafi da shi. Ta rubuta sunan mashigin a littafinta, ta sa tsingaron a leda, ta ce za ta je ta duba ko gefen gaɓar da ban taɓa ba ya rage.

Na gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani tsohon direban katafila