A Kula Da Ƙananan Kayan Haɗin Na'urar PLC

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu masana'antu da injiniyoyinsu kan ƙananan kayan da ke tafiya da na'urar PLC, wato kwamfutar da ke ba injuna umarnin aiki.

Idan za a sayo kaya, hankali kan karkata ga ƙwaƙwalwar na'urar da allunan karɓa da aika sigina, a manta cewa wasu abubuwan daban ake sayar da su. A jerin S7-300 na kamfanin Siemens, maƙalin gaba da ake ɗaure wayoyi a jikinsa ba ya zuwa tare da allo, ita kuwa S7-1500 ba ta aiki sam sai an saka mata katin ajiyarta.

Abin da ya fi damuna shi ne batir. Yawancin tsofaffin na'urori da shi suke riƙe manhajar da aka rubuta musu, saboda haka idan ya mutu ba a lura ba, aka kuma ɗauke wuta, manhajar kan ɓace, injuna su tsaya cik har sai an nemo kwafinta, in ma an taɓa adanawa. Haka nan murfin gurbin da ba a saka allo a cikinsa ba yana tare ƙura, kuma maƙalin da ke haɗa rigar ƙarfe ta wayar sigina da wayar ƙasa tana rage hargitsin lantarki a kan siginar miliyamfiya 4 zuwa 20, wato ƙaramar wutar da na'urorin awo ke aiko wa PLC.

Ina kira ga shugabannin sashen gyara su sa waɗannan kaya cikin lissafin saye tun farko, su kuma rubuta ranar canza batir a jikin ƙofar akwatin na'urar.

Naka,
Wani ma'aikacin lantarki